Ɗinkin hula, kwarashi, lalle ko rubutu: wanne zai fi riƙe ki bayan jaririnki ya koma?

Ranar da ya kamata ace ana sunan 'yata, da asuba aka tashe ni wankan jego kamar kullum. Ruwa ya tafasa, ga ganyen darbejiya, ga gwaggona tsaye a kaina tana cewa daure 'yar nan, ni kuwa nono ya kawo ya yi tam har ƙirjina zugi yake, rigar jikina ta jiƙe sharkaf, wadda zata sha ɗin kuma kwananta huɗu a ƙasa. Kwana uku tayi a duniya. Babanta ya yi mata huɗuba, shi ya ɗauke ta a hannunsa suka tafi maƙabarta da maza, ni har yau ban san inda kabarin yake ba, kuma ko hoto ɗaya bamu ɗauke ta ba saboda muna cewa sai ranar suna.

Mutane sun yi ƙoƙari wallahi, gida ya cika, Allah ya sa mai ceto ce, Allah ya mayar miki da mai albarka, ke yarinya ce zaki sake haihuwa. Bayan kwana uku kowa ya kama gabansa. Haihuwar fari ce, a gidanmu nake wanka, kuma kinsan al'adarmu da ɗan fari, ko yana raye ana so ki yi kara ki nuna kamar baki damu dashi ba, balle ya rasu ki zauna kina kuka gaban iyaye. To sai na haɗiye. Abin da babu wanda ya gaya min shine yadda zanyi da hannuwana, wata tara jiki na shirin ɗauka da goyo da wankin tsumma, sai gashi na zauna a bakin gado hannu biyu a kan cinya daga hantsi har la'asar.

Shekara uku kenan, kuma tun daga lokacin duk wadda abin ya samu a dangi ko a unguwa ni ake turo wa in mata magana. Kusan dukansu tambaya ɗaya suke yi in an gama kukan, wai Anti me kika yi har kika iya kwana. Abu huɗu na gwada, ɗinkin hula, saƙar kwarashi, lalle, da rubutu, kuma gaskiyar magana ba aiki ɗaya suke yi ba, shi yasa bana son in ji ana cewa mace kawai ki nemi abin yi ki ɗebe kewa. Aikin hannu kwantar da kai yake yi, yana rufe bakin ciwon ki samu ki numfasa. Rubutu kuwa buɗe shi yake ya matse. Duk biyun kina buƙata amma in kika ɗauki na biyun a ranar da na farkon ya dace dake zaki sha wahala, ni na sha.

Da hula na fara kuma ba ni na zaɓa ba. Gwaggo ce wata rana bayan azahar ta jefo min farin ƙyalle da mai zane ya riga ya zana, da allura da zare kala uku, tace ungo ki cike min nan idona ya daina gani. Ƙarya take, idonta garau, na gane daga baya. Muna zaune tana nuna min inda zan soka, bata kalle ni ba tace nata uku ne suka koma kafin ta samu mai zama, har sai da aka fara ce mata mai wabi. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin ban taɓa jin wannan maganar ba a gidanmu. Daga baya naga rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, ɗaya kenan duk daƙiƙa 16, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawa, wannan ma banda irin tawa da suka zo da rai suka yi kwana biyu uku. Sai na fara kallon tsofaffin unguwarmu da wani ido daban.

Abin da hula take dashi wanda sauran basu dashi shine bata tambayarki komai. An riga an zana, ba sai kin yi tunanin me zan yi ba, naki kawai ki soka ki ja, ki soka ki ja, ki bi layi. A makonnin farko kan mace baya iya yanke shawara ko ta abin da za'a dafa, to aikin da wani ya gama tsarawa shi ya fi dacewa. Kuma tana son ido da lissafi daidai gwargwado, in hankalinki ya tafi asibiti ya fara maimaita daren nan, allura zata kauce ko ta soke ki, dole ki dawo. Ina iya zama awa ɗaya da rabi in ɗago in ga ban yi tunanin ba sai sau biyu ko uku, alhali in ina zaune haka nan ko minti biyar bana samu. Ana kuma iya yin ta ana istigfari ko ana jin karatu a rediyo. Wani abin kuma, babu mai ce miki komai, mace na ɗinkin hula a tsakar gida ai abu ne da aka saba gani a Kano da Zariya da Maiduguri, babu wadda zata ce kin cika damuwa ko kina ja da hukuncin Allah. Kuma hula kayan manyan maza ce, babu abin da ya haɗa ta da jariri, wannan ba ƙaramin abu bane kamar yadda zaki gani in na zo kan kwarashi.

Matsalarta kuwa, tana cin lokaci, mai cikakken aiki sai ki yi wata ko fiye kina kanta, wadda take son ta ga ta gama abu yau yau zata gaji ta ajiye. Tana cin ido, da daddare in babu wuta kar ma ki fara, alhali dare shine lokacin da abin yafi tasowa. Wadda aka yi wa tiyata kuma zaman sunkuyo zai dame ta, sai dai ta jingina da filo ta riƙa yi kaɗan kaɗan. Babbar matsalar dai a wajena ita ce tana iya zama maɓoya. Na kai wata biyu ina ɗinki kowa na cewa masha Allah ta warware, nima na ɗauka na warware, ashe danne shi kawai nayi.

Kwarashi na iya tun ina sakandare, shi yasa da na koma ɗakina na ce bari in koma masa. Ta fuskar sauƙi yafi hula nesa ba kusa ba, ƙugiya ɗaya da zaren ulu, kina kwance ma kina yi, hannu in ya saba ko hasken waya ya ishe ki, kuma abu na girma a hannunki da sauri, kwana biyu kin ga sakamako. In kin yi kuskure ki ja zaren ya warware ki sake, babu asara. Amma ki tambayi kanki, mu a nan me ake saƙawa da ulu? Hular jariri, safa, rigar sanyi, shawul. Hannuna da kansa ya fara zagaye ɗan ƙarami, ban ankara ba sai naga rabin hular jariri a tafina, girman kanta daidai. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar, har maƙwabciyata ta shigo. Na tura zaren ƙarƙashin gado na fi wata biyar ban taɓa shi ba.

Sai dai bazan ce miki kwarashi bai da kyau ba, don na san wadda shi ya tashe ta. Ita cikinta wata takwas ya zo babu rai, ta riga ta fara saƙa shawul, kowa yace a ɗauke mata shi daga gabanta, ita ta ƙi, ta zauna ta ƙarasa shi tsaf ta ninke ta sa a ƙasan akwati, tace min da ta bar shi rabi da ji zata riƙa yi kamar ta yi wa yaron alkawari ta saɓa. Yanzu saƙa take tana kai wa masu haihuwar bakwaini kyauta. To kinga abin ya danganta da ke. In ganin kayan jarirai na sa numfashinki ya sarƙe, in har yanzu kina kauce wa layin masu kayan yara a kasuwa, ki bar ulu tukuna, ko ki saƙa abin da bai shafi yaro ba kamar jaka ko marfin fulas ko shimfiɗar tebur, kuma ki guji zare fari da ruwan hoda da shuɗi mai haske. In kuwa ke irin wadda take buɗe akwatin kayan tana shinshinawa ce tana jin sanyi, kwarashi zai miki daɗi fiye da hula.

Lalle ba zan daɗe a kansa ba don ban yi nisa dashi ba. Wasu na ɗauka mai rashi bata ƙunshi, amma takaba ta wata huɗu da kwana goma ta miji ce kawai, sauran mamata kwana uku ne, saboda haka ta wannan ɓangaren babu laifi. Amfaninsa shine shi kaɗai ne cikin huɗun yake tilasta miki zama da wani mutum, dole ki riƙe hannun ƙanwarki ko 'yar maƙwabta ku yi awa ɗaya tare, wadda kaɗaici ya fi damunta, misali miji na fita tun safe gida ya yi tsit, wannan zai taimake ta. Kuma zanen fulawa da ganye ne da layuka, babu mai rai balle a shiga maganar malamai kan zana mutum. Amma kinsan su waye masu zuwa lalle, amare da masu jego ana gobe suna. Ranar da aka kawo min wata mai jego da jaririyarta a kafaɗa na ce kaina na ciwo. In zaki yi, ki tsaya kan yaran gida da takarda tukuna, kar ki maida shi sana'a a shekarar farko. Ki kuma yi hankali da baƙin nan da ake haɗawa da dayis na gashi, yana ƙona fatar wasu har ya tashi, jan lalle na ganye ya fi lafiya. Sannan lalle gogewa yake cikin sati biyu, ni kuma a lokacin abin da zai zauna nake nema.

Rubutu shine mai wuyar, kuma shine wanda ya yi min aikin da sauran suka kasa. Karon farko da na gwada kwana goma sha biyu da rasuwar, a waya, cikin dare, na rubuta layi huɗu jikina ya kama rawa na kwana ban runtsa ba, washegari ko kunu na kasa sha. Ya yi wuri. Na biyu sai bayan wata huɗu, abin da ya tura ni kuwa tsoro ne, na tashi wata safiya na nemi kamannin kunnenta a kaina na rasa. Babu hoto, babu kabarin da na sani, babu wanda yake ambaton sunanta, a gidan ma cewa ake wancan cikin. Na ga in ban rubuta ba wata rana zan wayi gari kamar ba'a yi ta ba. Na aiki yaro ya siyo min littafin makaranta da biro, na fara da abin da na gani kawai, gashinta a kwance baƙi wuluk har goshi, ɗan yatsanta na ƙafa na biyu yafi babban tsawo irin na babanta, yadda take tura baki in an taɓa kumatunta, zanin atamfa kore da aka naɗe ta dashi, ƙarfe nawa ta fara numfashin nan mai ƙara, abin da nace wa nas ɗin da abin da ta ce min. Shafi shida. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kwana biyu ina jin jiki kamar an min duka, a na uku sai naji wani abu ya sauka daga wuyana, don na daina gadin abin a kaina, yana cikin littafi ba zai ɓata ba.

Ashe wannan ɗin sananne ne. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, James Pennebaker, tun 1986 yake gwada sa mutane su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 zuwa 20 a rana, kwana uku ko huɗu a jere, kuma abin da aka riƙa gani shine da an gama rubutun mutum yafi jin ƙunci, sauƙin sai daga baya yake zuwa. Da na san haka tun farko da ban tsorata ba. Shi yasa nake ce wa mata ki sa wa kanki lokaci, minti ashirin, da rana ba da dare ba, ranar da akwai mutum a gidan, in lokaci ya cika ki rufe ki tashi ki yi alwala ko ki ɗauki ɗinkinki. A nan ne ma hular ta sake min amfani, ita nake ɗauka in na rufe littafin har hannuna ya daina rawa.

Na san abin da yake hana da yawanmu, tsoron kar ya zama rashin tawakkali. Nima na yi wannan tsoron. Amma abin da aka hana shine kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da faɗin maganar saɓo. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, yace ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma bama faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda dashi. Nana Asma'u 'yar Shehu, da duk iliminta, ta rubuta marsiyya da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta kuma yi wa wasu makusantanta. To in ita bata ga aibu ba ni wace ce. Ba sai kin iya waƙa ba, ba sai da amsa-amo ko ƙwar biyar ba, nawa ma yawanci wasiƙa ce nake mata, wani lokaci addu'a, wani lokacin in rubuta hadisin nan na Baitul Hamdi, gidan da Allah yake sa a gina wa bawan da aka ɗauki ran ɗansa ya gode ya yi innalillahi, in ta maimaita shi a shafi. Wadda bata yi boko ba ta yi da ajami, wadda bata rubutu sam ta ɗauki muryarta a waya.

Hatsarin rubutu guda biyu ne bayan wanda na faɗa. Na farko asiri, takarda bata da baki amma kowa na iya buɗe ta, in gidan yawa ne ko akwai abokiyar zama ko yara masu bincike, ki san inda zaki ajiye, don cikin zafi zaki rubuta abin da baki so kowa ya gani, ni na rubuta haushin mutanen da har yau basu san na ji haushinsu ba. Na biyu, dan Allah kar ki ɗora a status ko Facebook a watannin farko. Mutum ashirin zasu miki addu'a, ɗaya zai ce har yanzu baki haƙura ba, kuma wannan ɗayan ne zai hana ki barci. Hula ko wa ya gani sai dai yace Allah ya sa albarka.

Akwai inda duk huɗun basa kaiwa, wannan kuma ina faɗa da babbar murya. In kin wuce sati biyu bakya barci bakya cin abinci, ko kin kasa tashi ko wanka, ko zuciyarki na raya miki gara ki bi shi, wannan ya wuce allura da biro, ki gaya wa mijinki ko mahaifiyarki yau a kai ki asibiti. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana kama wadda jaririnta ya rasu ma, kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, zuwa can kuma ba hauka bane, in ma nisa ne ki fara da inda kika yi awo. Maganar nono ma ki tambayi likita, akwai ƙwayar da suke bayarwa ya tsaya, ni ban sani ba na yi ta fama, in kuma ya yi ja da zazzaɓi kar ki tsaya jiƙe-jiƙe.

To in kin ce in zaɓa miki, ga yadda nake gaya wa ƙannena. In baki yi arba'in ba, hula, ko duk wani ɗinkin hannu da aka riga aka zana, ko da matashin kai ne. In hannunki ya saba da ulu kuma kayan yaron basa firgita ki, kwarashi yafi sauƙi musamman da dare. In shirun gida ne yake cin ki, kira yaran maƙwabta ki musu jan lalle. Rubutu ki bari sai kin fara barci ko da na awa huɗu ne a jere, sai kin iya faɗin sunan yaron ba tare da numfashinki ya ɗauke ba. Abu ɗaya kawai zan roƙe ki ki yi da wuri, ko ke ko ki sa wata ta rubuta miki, kamanninsa, nauyinsa in an auna, rana da lokaci, kalar zanin, layi biyar ya isa, ki ninke ki ajiye kar ki karanta, don waɗannan suna gudu daga kai fiye da yadda kike zato.

Kuma ki tuna da uban. Nawa bai taɓa kuka a gabana ba, na ɗauka abin bai dame shi ba har na riƙe shi a raina, yana cikin waɗanda na rubuta haushinsu ma. Hular nan ta Gwaggo da na gama sai tace ai dama ba tata bace, a kai wa mai wanki a buga a ba mijinki. Wajen wata bakwai da rasuwar, wata Juma'a ya dawo masallaci da ita a kansa ya same ni da littafin a buɗe, ban ɓoye ba, na miƙa masa shafi shidan farko kawai. Ya karanta a tsaye, ya daɗe, sai ya zauna a bakin gado ya cire hular ya riƙe ta a hannu yace kin manta abu ɗaya, tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, na gani lokacin da nake mata huɗuba. Na miƙa masa biro ya rubuta da hannunsa a ƙasan shafin.